Yadda muka samar wa marayun gidanmu gurbi a cibiyar yaran da aka yi wa rasuwa a Amurka

Mijin ƙanwata, Allah ya jiƙansa, ya rasu cikin watan Oktoba, bugun zuciya, yana bakin aikinsa. Ya bar ta da yara uku a nan Amurka: babbar shekararta 14, namijin 9, autar kuma 4. Ni ne kawunsu, ni ne kuma mafi kusa da gidan, don haka duk zirga-zirgar da ta biyo baya a kaina ta sauka, tunda uwarsu ta shiga takaba. Abin da zan rubuta a nan hanya ce kawai, yadda muka bi har yaran suka samu gurbi a irin cibiyoyin nan da ke tara yaran da aka yi wa rasuwa wuri ɗaya su ɗebe wa juna kewa. Wata huɗu da rabi ta ci mana, alhali da na san kan abin da ba ta wuce wata biyu ba.

Makonnin farko ba wanda ya lura da yaran, kuma ba laifin kowa ba ne. Gida cike yake da masu ta'aziyya, ana ta shigo da kulolin abinci, waya ba ta hutawa saboda 'yan'uwa na gida. Yaro in ya yi kuka a ce ya yi haƙuri, addu'a baba yake buƙata, in ya yi wasa a ce ai yaro ne, bai san me ake ciki ba. Da aka yi sadakar bakwai jama'a suka ragu, kowa ya koma aikinsa, domin nan ƙasar hutun rasuwa kwana biyu ko uku ne ga mai sa'a. A mako na biyar malamar da ke ba ɗalibai shawara a makarantar namijin ta kira. Ta ce ya yi faɗa sau biyu, kullum yana wurin nas ɗin makaranta da ciwon ciki, barci kuma a aji. Da na je, ta miƙo mini takarda mai sunayen wurare uku. Na karɓa, na gode, na jefa ta aljihun mota ta kwana mako uku. Dalilina biyu ne: na zaci asibitin masu taɓin hankali ake nufi, sannan ina tsoron abin da kowane baƙo yake tsoro a nan, wato hukumar kare yara ta shigo gidan bazawara ta fara ƙirga kwanuka. Duka biyun kuskure ne, kuma wannan ce asarar lokaci ta farko.

Ga ainihin abin. Waɗannan cibiyoyi ba asibiti ba ne, ba a rubuta magani, ba a auna yaro a ce yana da cuta kaza. Tushensu a garin Portland na jihar Oregon yake, inda wata ma'aikaciyar jinya mai suna Beverly Chappell ta kafa cibiyar Dougy a 1982, ta sa mata sunan wani yaro da ciwon daji na ƙwaƙwalwa ya yi ajalinsa yana da shekara 13. Tunaninta shi ne alhini ba ciwo ba ne da za a warkar, kuma yaro ya fi sakin baki a gaban wanda ya ɗanɗana irin abin da ya ɗanɗana. Daga can tsarin ya bazu, cibiyoyi da yawa a jihohi dabam-dabam suka kwaikwaya, har da wadda muka je. Ma'aikata ƙwararru kaɗan ne, yawancin masu zama da yaran 'yan sa-kai ne da aka horar, aka kuma binciki tarihinsu a wurin 'yan sanda. Wanda makaranta ba ta ba shi suna ba, ya duba shafin National Alliance for Children's Grief, akwai jerin cibiyoyi jiha-jiha. Ko kuma ya kira wuraren jinyar masu ciwon ajali na yankinsa, domin doka ta wajabta wa waɗanda ke karɓar kuɗin Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnati, su kula da iyalan mamaci har shekara guda, kuma da yawansu suna buɗe zamansu ga mutanen gari ko da ba a hannunsu aka rasu ba.

Farkon Disamba na kira wuraren uku. Na farko na bar saƙo sau biyu, shiru. Na biyu suka ce manya kawai suke karɓa. Na uku suka kira ni bayan kwana biyu, suka sa mana lokacin hira ta waya. A shirya wa wannan hira, don ba gaisuwa ba ce, minti 35 muka yi. Ma'aikaciyar da ta yi hirar ta tambayi sunayen yaran da ranakun haihuwarsu, wa ya rasu, yaushe, me ya yi ajalinsa, yaran suna wurin ko kuwa labari suka ji, sun ga gawa, sun je maƙabarta, an taɓa wata rasuwar a baya, akwai mai shan wani magani, akwai wanda ya taɓa cewa gara shi ma ya mutu. Na amsa duka babu gargada har ta zo kan wata tambaya: me aka gaya wa ƙaramar? Na ce an ce mata babanta ya yi tafiya. Sai ta ɗan yi shiru, ta ce ba za su iya sa yarinyar cikin yara ba sai ta san gaskiya, domin a zaman farko kowane yaro zai faɗi wanda ya mutu masa, kuma ba daidai ba ne ta ji daga bakin wata 'yar shekara biyar.

Raina ya ɓaci a lokacin, na ga kamar ana koya mana tarbiyya. Amma bayanin da ta yi ya zauna. Yaro ƙasa da shekara biyar ko shida bai gane cewa mutuwa ba ta da dawowa, kuma kalma yake ɗauka yadda aka faɗe ta. In ka ce ya yi tafiya, zai tsaya bakin taga, kuma duk wanda ya ɗauki jaka a gidan zai riƙe masa ƙafa. In ka ce barci ya yi, zai ji tsoron kwanciya. In ka ce Allah ya ɗauke shi don mutumin kirki ne, wani yaron sai ya daina kirki, ko ya ƙullaci wanda ya ɗauke. Dama autar tamu ta fara ihu duk lokacin da na ɗauki makullin mota, ban haɗa biyun ba sai a ranar. Shawararta ita ce a faɗi abin da ya samu jiki tukuna, da kalmomi gajeru, sannan a ɗora abin da addininmu ya koyar. Haka muka yi ranar wata Asabar da hantsi, uwar ta ɗora ta a cinya ta ce: "Zuciyar Abba ta daina aiki, ya mutu. Wanda ya mutu ba ya numfashi, ba ya cin abinci, ba ya jin zafi, kuma ba zai dawo gida ba. Ya koma wurin Allah, muna yi masa addu'a." Yarinyar ta kalle ta, ta ce to wa zai kai ta wurin lilo, ta sauka ta ɗauki 'yartsanarta. Uwar ta dube ni ta ce, "Yaya, anya ta gane?" Bayan kwana biyu ta sake tambaya yaushe zai dawo, aka maimaita mata kalmomin nan dai. An yi haka ya fi sau goma cikin wata ɗaya, kuma an riga an gargaɗe mu cewa haka za a yi, kada a sauya magana, kada a gaji.

Takardu ba su da wahala. Fom ɗin rajista na kowane yaro, shafi uku-uku, da fom ɗin amincewar iyaye, da na bayanin lafiya inda ake rubuta abincin da yaro ba ya ci, da wani na izinin ɗaukar hoto wanda muka ƙi sa wa hannu kuma ba wanda ya ce don me. Ba su nemi takardar shaidar mutuwa ba, ba su nemi inshorar lafiya ba, ba su tambayi takardar zama ta kowa ba, kuma ko sisi ba a biya, da gudummawar jama'a suke tafiya. Inda na yi tuntuɓe shi ne sa hannu. Na cike komai na sa hannuna a matsayin kawu, aka dawo mini da su, domin sai uwa ko uba ko wanda kotu ta ba riƙo. Mako guda ya tafi a nan. Sai uwar ta sa hannu a gida, ta kuma rubuta sunana a layin waɗanda aka yarda su kawo yaran su ɗauke su. Tunda maganar takardu ta taso, wanda ke cikin irin halinmu kada ya manta da ofishin Social Security, hukumar gwamnati mai biyan fansho da tallafin iyalan mamaci, ko da yake ba ruwansa da cibiyar. In mamacin ya yi aiki yana biyan haraji yadda ya isa, kowane yaro ƙasa da 18 yana iya samun har kashi 75 cikin ɗari na haƙƙin uban duk wata, da iyakar da aka sa wa iyali gaba ɗaya, ban da dala 255 da ake bayarwa sau ɗaya. Ba a nema ta intanet, sai ta waya ko a ofis, kuma can ne ake buƙatar takardar mutuwa da ta haihuwar yara da ta aure.

Mataki na gaba zaman gabatarwa ne, wanda dole sai an halarta kafin a sa sunanka a layi. Sau biyu suke yi a wata, ƙarfe shida na yamma, kuma a watan Janairu shida dare ne. Uwar tana takaba. Muka tambayi limamin masallacinmu, ya ce mai takaba tana fita da rana don buƙata, abin da ake so ta kwana a ɗakinta. Na koma na yi wa cibiyar bayani, na ce wata huɗu da kwana goma ne, ba ƙin zuwa ba ne. Ba su taɓa jin labarin ba, amma suka ware mana ƙarfe goma sha ɗaya na safe mu kaɗai. Darasi a nan: a faɗi uzuri a fili, su ba su san al'adarmu ba, kuma shiru suna ɗaukarsa rashin sha'awa.

Ginin gida ne irin na zama, ba warin asibiti. Aka zagaya da mu: ɗaki mai matasai a ƙasa an jera su da'ira, ɗakin zane da fenti, ɗakin wasa mai akwatin yashi da ƙaramin gadon asibiti da kayan likita na roba, sai wani da suke kira ɗakin aman wuta, bango da ƙasa duk katifa, da buhun naushi a rataye da tarin tsofaffin littattafan waya na yagawa. Namijin ya tsaya a ƙofar ya tambaya, da gaske ba a dukan wanda ya yi ihu a nan? Aka ce da gaske. Daga nan aka zaunar da mu manya aka karanta mana ƙa'idar sirri. Abin da yaro ya faɗa a zaure, wato rukunin yaran da ake zama da su tare, ba a kawo wa uwa, ko ta tambaya. Togaciya uku ce: in yaron yana shirin cutar da kansa, ko cutar da wani, ko kuma wani yana cutar da shi. A nan doka ta tilasta musu kai rahoto. Na yi tambayar da ke cina, na ce talauci fa, ko yara uku a ɗaki ɗaya? Ma'aikaciyar ta ce wannan ba ya ciki. Sai dai ina jan kunnen 'yan'uwa, dukan da ya bar shaida a jiki yana ciki, kuma yaro a irin wannan wuri ba ya ɓoye komai.

Sai jira. An raba zaurukan ne bisa shekaru, 3 zuwa 5, 6 zuwa 12, 13 zuwa 18, wasu kuma bisa irin mutuwar, domin waɗanda aka kashe musu wani ko ya kashe kansa zaurensu dabam. Kowane zaure yara 12 zuwa 15 yake ɗauka, kuma ba a korar kowa, sai wani ya ce ya gama gurbi yake buɗewa. Wautata a nan ita ce a fom na zaɓi daren Alhamis kaɗai, na kuma ce sai dai ukun rana ɗaya. Muka yi mako shida ba labari. Da na kira na ji ba'asi, sai aka ce ai tun mako na biyu akwai gurbin namijin ranar Talata, sharaɗina ne ya hana a kira ni. A zaɓi duk ranakun da za su yiwu, a karɓi gurbin da ya fara fitowa, a kuma riƙa kira duk mako biyu. Ba naci ba ne, su ma sun fi so su san kana nan.

Ƙarshen Fabrairu muka fara, lokacin uwar ta fita takaba. Zaman sau ɗaya ne duk mako biyu, awa ɗaya da rabi. Ana isa minti 15 kafin lokaci, a rubuta suna, a manna wa yaro a ƙirji. Yara su shiga nasu ɗakin, manya nasu, kuma babba ba ya ajiye yaro ya tafi kasuwa, dole ya zauna. Yadda aka nuna mana tsarin na yara, ana buɗewa da da'ira, sanda tana zagayawa, mai riƙe da ita ne kaɗai ke magana: sunana wane, shekarata kaza, wanda ya mutu babana ne, ciwon zuciya. Wanda ba ya so ya ce na wuce, ya miƙa gaba, ba mai matsa masa. Namijin namu sau uku a jere yana cewa na wuce. Bayan kamar rabin awa a sake su, kowa ya nufi ɗakin da yake so tare da ɗan sa-kai. Iyaye da yawa a nan suke ƙorafi, wai mun tuƙo mota minti arba'in don yaro ya yi wasa da yashi? Amma wasan shi ne maganar. Autarmu ta yi wata biyu tana binne ɗan mutum-mutumi a yashi tana tono shi, ta sake binnewa. Ɗan sa-kai ba ya fassara mata, ba ya gyara mata, abin da ta yi kawai yake faɗa: kin rufe shi da ƙasa, yanzu kin fito da shi. A ƙarshe a sake da'ira, a riƙe hannu a matsa ya zagaya, a watse.

Zauren manya ya fi mini nauyi fiye da yadda na zata. Mu tara ne ko goma, akasari zawarawa, da wata kaka mai riƙon jikoki. Ba wa'azi, ba mai ba wani shawara sai ya nema. Rabin hirar kan yara ce: wanda ya koma fitsarin kwance, wadda ba ta yarda uwa ta rufe ƙofar wanka, me za a yi ranar da makaranta ta ce a zana wa uba kati don bikin ranar uba a watan Yuni. Tafinta babu, da Turanci ake yi, don haka wadda Turancinta bai nuna ba ta nemi izinin zuwa da babba ɗan'uwa tun farko. Kada a sa yaro ya yi wa uwarsa tafinta a kan mutuwar ubansa.

Abubuwan da suka ba mu matsala ƙanana ne amma suna iya kore mutum. Bayan zama na biyu da na uku namijin ya ƙara rikicewa, kuka da dare, tsiwa da safe. Uwar ta ce, "Yaya, mu daina, suna tono masa abin da ya fara mantawa." Mai kula da zauren ta ce bai manta ba, wuri ya samu, kuma shi ya sa suke roƙon a gwada sau uku ko huɗu kafin a yanke hukunci. Ya lafa wajen zama na biyar. Ita kuwa babbar ta je sau biyu ta ce ba ta komawa, zauren matasa maza da mata ne a haɗe, kuma ita kaɗai ce mai hijabi. Ba mu tilasta ba, su ma ba sa karɓar wanda aka jawo da ƙarfi. Bayan wata uku da kanta ta ce a mayar da sunanta, sai da ta sake jiran mako huɗu. Abinci kuma, akwai daren da ake kawo fiza da alewa, to a rubuta a fom ba naman alade ba alewa mai sinadarinsa, kuma a maimaita da baki, don 'yan sa-kai suna canzawa. Akwai kunna kyandir don tunawa da mamaci. Muka ce mu addu'a muke yi, aka ce yaro ya yi abin da gidansu ke yi, namu yana karanta Fatiha a ransa in layi ya zo kansa. Da azumi ya same mu, magariba tana faɗawa cikin zaman, na riƙa zuwa da dabino da gorar ruwa da darduma, suka ba mu ɗakin zane na minti goma. Fashi kuma a kiyaye: in an yi sau biyu a jere ba sanarwa, gurbi yana komawa ga na kan layi.

Akwai abin da zaure ba ya iya yi, kuma su da kansu suke faɗa. Yaron da ya daina cin abinci har yana ramewa, ko ya ƙi makaranta makonni, ko yake mafarkin ranar a kai a kai musamman in a gabansa aka faɗi, ko yake yankar jikinsa, ko ya ce yana so ya bi mamacin, wannan sai ƙwararre ido da ido, kuma a nan ne inshora da kuɗi suke shigowa. Cibiyar tana da jerin sunayen waɗanda take turawa. In maganar kashe kai ce ba a jira alƙawari, a kira 988, layin agajin gaggawa na irin wannan hali da aka buɗe a 2022, dare da rana. Ana iya haɗa biyun, ganin ƙwararre da zuwa zaure, ɗaya ba ya hana ɗaya.

In na tattara inda lokaci ya zube mana: mako uku takarda na aljihun mota, mako ɗaya kan sa hannu, mako huɗu kan sharaɗin rana ɗaya. Babu ko ɗaya da ya zo daga cibiyar. Wasu suna son a bari wata ɗaya ko biyu ya wuce bayan rasuwa kafin yaro ya fara zama, amma rajista ba ta jiran wannan, a kira tun kafin arba'in layi ya riƙa tafiya. Kuɗin da muka kashe man mota ne kawai, da rabin yinin aiki sau biyu a wata. A ganina abin da ya fi wuya ba ya cikin fom, shi ne babba ya yarda cewa haƙuri da addu'a da muke umartar yaro da su ba su hana shi buƙatar wurin da zai ce yana jin haushin babansa don ya mutu, ba tare da an ce ya yi istigfari kafin ya rufe baki ba.

Fita ma da tsarinta. Yaro ne ke cewa ya gama, a sanar zama biyu kafin ranar, don sauran yaran kada su ga wani ya sake ɓacewa ba sallama. Autar ta gama bayan wata goma sha ɗaya, aka ba ta 'yar jaka da duwatsu huɗu, uku masu santsi ɗaya mai kaushi, kowane yaro ya riƙe su ya faɗi kalma kafin a miƙa mata. Babbar tana zuwa jefi-jefi amma tana sanarwa in ba za ta je ba. Namijin har yanzu yana nan ranar Talata, kuma yanzu in sabon yaro ya zo shi ake haɗa su ya nuna masa inda ɗakin katifa yake.